Kafin Tofa ta Bushe: Kundin Neman Tallafin Rigakafin Wutar Daji a Gabashin Legas

Litinin, 14 ga Oktoba, 2024

Yau kwamitin da ƙaramar hukumarmu ta kafa domin neman tallafin rigakafin wutar daji ya yi zamansa na farko, kuma aka ɗora mini nauyin rubuta duk abin da aka yi, kasancewata magatakardan ƙungiyar manoma da makiyaya 'yan Arewa mazauna wannan yanki. Na ga ya dace in riƙa fitar da kundin a fili domin 'yan'uwanmu na Agege da Mile 12 da Alaba Rago su san halin da ake ciki, tunda abin da muke nomawa a hannunsu yake ƙarewa.

Wanda bai taɓa wuce Ikorodu ya nufi Epe ba, zai yi mamakin jin maganar wutar daji a Legas, domin abin da ya sani shi ne gadoji da cunkoson motoci da gobarar kasuwa. Amma a wannan ɓangare gonaki ne shimfiɗe, na rogo da masara da kwakwar manja, ga kuma fadamun da mutanenmu ke noman alayyahu da kuɓewa da attarugu. Tsakanin gona da gona akwai saura wadda tofa da gamba suka cinye, wani wurin ciyawar ta fi tsayin mutum. Idan ruwan Oktoba ya ɗauke sai ta fara yin ja, kafin ƙarshen Disamba kuwa, lokacin da iskar hunturu ke isowa nan bakin teku, ta zama abin da tartsatsi ɗaya ya ishe shi.

A watan Janairun da ya wuce wuta ta shiga fadamar wani dattijo daga cikinmu da tsakar rana, yana masallacin Juma'a. Da na je yi masa jaje washegari bai nuna mini kayan lambun da suka ƙone ba, sai ya ɗago mesar ban-ruwansa wadda ta narke ta dunƙule kamar ƙaro, ya ce, "Malam, alayyahu sati huɗu ne, zai dawo. Wannan kuwa bashi na ci na saye ta." Da wannan mesa a raina na karɓi aikin nan.

Kwamitin ya ƙunshi jami'in gona na ƙaramar hukuma, wanda shi ne shugaba, da kansilan mazaɓarmu, da wakilin Baale, wato dagacin Yarabawan yankin, da wakilin Sarkin Hausawa, da Ardo, da shugaban mafarauta, da wakiliyar mata masu sarrafa garin rogo, sai ni.

Laraba, 23 ga Oktoba, 2024

Mun shafe zaman yau muna tantance ƙofofin da za a iya ƙwanƙwasawa, kuma biyu daga cikinsu sun rufe tun ba mu isa bakinsu ba. Wasu daga cikinmu sun zo da labarin shirin ACReSAL da suka ji a gida, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a watan Disamban 2021 domin farfaɗo da ƙasar noma, to amma shirin na jihohin Arewa 19 ne da Babban Birnin Tarayya, Legas ba ta ciki. Haka ma shirin Babbar Katangar Bishiyoyi, wanda aikinsa ya tsaya a jihohi 11 da ke fuskantar kwararowar hamada. Manomanmu 'yan Arewa ne, amma gonar tana Kudu, kuma tallafi gona yake bi ba asalin mai gona ba.

Ƙofa ta uku ita ce Asusun Kula da Muhalli na tarayya, wanda aka kafa a 1981, kuma tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi kowa na da kasonsa a ciki. Jami'in gona ya yi bayanin cewa a jiha irin Legas ambaliya da zaizayar gaɓar teku da toshewar magudanai su ne kan gaba a zukatan mutane, kuma ba wanda zai ce ba su cancanta ba, saboda haka sai mun kawo hujja mai ƙarfi kafin a saurari maganar ciyawa. Kansila ya ƙara da cewa hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ya sa mutane na ganin kuɗi sun riga sun sauka, alhali hukunci daban, aiwatar da shi daban.

Ta huɗu ita ce shirin ƙananan tallafi na asusun muhalli na duniya, wato GEF, wanda hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke gudanarwa. Sai dai ƙungiyoyin al'umma yake ba, ba gwamnati ba. Wannan sharaɗi, wanda gidauniyoyi da dama ma suke da irinsa, shi ya canja fasalin aikinmu. An yanke shawarar a bi hanya biyu: ƙaramar hukuma ta rubuta wa gwamnatin jiha da sunanta, ƙungiyarmu kuma ta nemi tallafin masu ba da agaji da nata sunan, ƙaramar hukuma ta tsaya mata a matsayin abokiyar aiki. Ni wannan tsari ya kwanta mini, domin wanda wuta ke cin gonarsa ya fi kowa sanin inda ya kamata a kashe kuɗin.

Laraba, 6 ga Nuwamba, 2024

Kowace takardar neman tallafi da muka duba tana buɗewa da tambaya iri ɗaya: sau nawa wuta ta tashi, a ina, me ta ci? A nan muka tsaya cak. Kowa a zauren yana da labarin gobara, wani ma yana da tabonta a hannu, amma babu ko shafi ɗaya da aka taɓa rubutawa. Manomi ba ya kai rahoto saboda bai ga abin da rahoton zai dawo masa da shi ba, wani kuma yana tsoron a tambaye shi takardar hayar gonar da ba shi da ita. Motar kashe gobara kuwa, ko an kira 112 ko 767, hanyar kwalta take bi, gonakinmu kuma sai an yi tafiya mai nisa a kan turbar da babur kaɗai ke shiga, don haka yawancin wutar da muke kashewa da ganyen kwakwa ba ta shiga littafin kowa.

Ɗan wani ɗan'uwanmu da ke karatun nazarin ƙasa a jami'a ya nuna mana wata hanya. Hukumar NASA ta Amurka tana da shafi a intanet mai suna FIRMS, wanda ke nuna kyauta wuraren da tauraron ɗan'adam ya hango zafin wuta, kuma ana iya komawa baya shekaru. Ya buɗe mana taswirar yankinmu a kwamfutarsa, sai ga jajayen ɗige-ɗige sun taru a watannin Disamba zuwa Fabrairu, shekara bayan shekara. Yaron ya yi mana gaskiya, ya ce na'urar da ta fi kaifin gani a cikinsu kowane ɗigonta yana wakiltar fili mai faɗin kimanin mita 375, kuma ba ta tsaye a kanmu, wucewa take yi, saboda haka wutar da ta tashi ta mutu tsakanin wucewa biyu, ko wadda gajimare ya rufe, ba za ta fito ba. Ɗigon ba ya faɗin wanda ya kunna, ba ya faɗin asarar da aka yi. Wannan sashe sai ƙafa. An raba mu biyu-biyu, mai jin Hausa da mai jin Yarabanci, mu bi gona-gona da littafi.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, 2024

Wannan shi ne zama mafi nauyi da muka yi, kuma na daɗe ina tunanin yadda zan rubuta shi ba tare da na zalunci kowa ba. An taru a ƙofar gidan Baale domin a amsa tambayar da ke cikin takarda game da musabbabin wutar, kuma ba a yi nisa ba kowa ya fara nuna ɗan'uwansa da yatsa. Manoma suka ce makiyaya ne ke ƙona busasshiyar ciyawa domin sabon toho ya fito wa shanu. Mutanen Ardo suka ce mafarauta ne ke cinna wuta domin su koro gafiya da gyazbi. Mafarauta suka ce a tambayi manomin da ke tara sassabe ya kunna masa wuta da rana tsaka ya tafi gida cin abinci.

Ardo ya bari aka gama, sannan ya miƙe ya fuskanci Baale ya ce, "Baba, ban zo in rantse cewa yarana ba su taɓa kunna wuta ba. Amma wutar Janairu ta cinye mini kiwon wata biyu, na kwashe shanu na yi nisa da su. Idan ana neman wanda ya yi asara, ni ma a rubuta ni." Daga nan murya ta sauka. Wakilin Sarkin Hausawa ya ce shi ma ya san manomanmu na ƙona sassabe, domin ba su da kuɗin ɗaukar 'yan ƙwadago, kuma faɗin haka a gaban kowa ya fi ɓoye shi. Shugaban mafarauta ya amsa nasu. Abin da muka rubuta a takarda shi ne gaskiyar da ta fito a wurin: kusan duk wutar hannun mutum ce, kowane ɓangare yana da dalilinsa na neman abinci, kuma babu ɓangaren da bai taɓa kunnawa ba, babu wanda ba ta taɓa ci ba.

Jami'in gona ya karanta mana cewa tun 2011 akwai ƙa'idar tarayya a ƙarƙashin NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, wadda ta hana ƙona daji ba tare da izini ba. Akasarin waɗanda ke zaune a wurin ranar suka fara jin labarinta. A ganina, dokar da za ta ce wa talaka kada ya kunna wuta sam ba za ta yi aiki a nan ba. Abin da zai yi aiki shi ne a ce masa yaushe zai kunna da yadda zai kunna: da yamma bayan iska ta kwanta, bayan ya share kewayen gonar, ya sanar da maƙwabta, kuma kada ya bar wurin sai garwashin ƙarshe ya mutu. A kan wannan aka yi yarjejeniya, shugabannin ɓangarorin uku suka sa hannu.

Litinin, 2 ga Disamba, 2024

Makonni biyu sun tafi a kan takardu. Ƙungiyarmu ta shekara da shekaru tana aiki, amma ba ta da rajista da CAC, hukumar yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, asusunta na banki kuma da sunan mutum biyu aka buɗe shi. Mai ba da tallafi ba ya zuba kuɗi a asusun mutum. Ana buƙatar rajistar amintattu, da tsarin mulki a rubuce, da takardar shaidar SCUML ta sashen yaƙi da halatta kuɗin haram, kafin banki ya buɗe asusu da sunan ƙungiya. Mun miƙa takardun rajista, kuma mambobi ne suka haɗa kuɗin daga aljihunsu.

Akwai kuma wani ƙulli da ya keɓanci Legas. Tsarin mulkin ƙasa ƙananan hukumomi 20 ya sani a jihar, sauran 37 ɗin da aka ƙirƙiro a 2003 yankunan raya ƙasa ne, mu kuma a ƙarƙashin ɗaya daga cikin waɗannan muke. Dole wasiƙar goyon baya ta zama biyu, ɗaya daga majalisarmu, ɗaya daga uwar ƙaramar hukuma. Ta farko ta fito, muna jiran ta biyu.

Asabar, 14 ga Disamba, 2024

Tun makon jiya na gane cewa ko da an amince da buƙatarmu gobe, kuɗin ba za su riski wannan rani ba. Tofa ta riga ta bushe, ba a kuma fafe gora ranar tafiya. Na faɗa wa kwamiti haka, wakilin Sarkin Hausawa ya kai maganar gaba, aka sanar a masallaci da coci cewa yau akwai gayya.

Mun fara bayan sallar asuba. Aikin shi ne share ziri mai faɗin mita shida tsakanin saura da fadamun gabas, inda iskar hunturu ke turo wuta. Masu adda suna gaba suna sara, masu fartanya na biye suna ƙwaƙule saiwa, domin tofa ciyawa ce mai jijiya a ƙarƙashin ƙasa, masu manjagara kuma suna janye abin da aka sare zuwa tsakiyar zirin a ƙone shi kaɗan-kaɗan, mutum biyu na tsaye da famfon feshi cike da ruwa. Ganyen tofa yana yanka kamar reza. Kafin hantsi babu wanda damtsensa bai yi zane-zanen jini ba, kuma na ga wani bafulatani matashi ya cire rawaninsa ya yaga biyu ya miƙa wa wani maharbi Bayarabe rabi ya ɗaure hannu. Matan garin rogo suka kawo ruwa da abinci. Mun gama ɓangaren gabas kafin la'asar, na arewa kuwa ƙarfinmu bai kai ba, aka ce sai wata Asabar.

Juma'a, 20 ga Disamba, 2024

An yi muhawara mai zafi a kan ƙiyasin kuɗi. Wasu sun so a sa motar ɗaukar ruwa a kan gaba, domin ita ce abin da jama'a za su gani su san an yi aiki. Na ƙi amincewa, jami'in gona ma ya goyi bayana. Mota ɗaya za ta lashe mafi yawan tallafin, ba za ta shiga turbar gonakin ba, kuma ranar da ta lalace babu mai gyara ta. Abin da ya shiga takarda a ƙarshe shi ne ladan masu share ziri sau biyu a shekara, da adduna da manjagara da famfunan feshi da mabugan wuta na roba, da takalma da safar hannu, da horar da 'yan sa-kai a kowace unguwa, da babur biyu na sintiri, da sanarwa cikin Hausa da Yarabanci da Fulatanci, da littafin rahoton gobara a hannun kowane mai unguwa. An kuma rubuta gudummawar al'umma, aka ƙiyasta gayyar ranar Asabar da kuɗin ƙwadago, domin mai ba da tallafi yana son ya ga abin da mai nema ya fara sawa. Yau shugaban majalisa ya sa hannu a wasiƙar da za ta je jiha.

Lahadi, 12 ga Janairu, 2025

Tun ranar 7 ga wata ake kallon gobarar Los Anjeles ta jihar Kalifoniya a wayoyi, inda busasshiyar iska mai ƙarfi ta tura wuta cikin unguwanni ta cinye dubban gidaje. Mutane da yawa sun tare ni da tambayar cewa idan Amurka da jiragenta ta kasa, mu da adda me za mu iya? Amsar da nake bayarwa ita ce dajinsu ba irin namu ba ne, iskarsu ma ba irin tamu ba ce, wutar ciyawa kuma ziri yana iya tare ta. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda suke neman kuɗi. Dokar ayyukan raya ƙasa da suka yi a 2021 ta ware dala biliyan 1 cikin shekara biyar domin garuruwan da ke fuskantar wutar daji, kuma kuɗin na tafiya ne ga rubuta tsarin kare gari ko aiwatar da abin da ke cikin tsarin da aka riga aka rubuta. Wato su ma sai da takarda. Na ba kwamiti shawarar mu mayar da yarjejeniyar Nuwamba da taswirar da littafin gona-gona su zama tsari guda mai ɗauke da hatimin ƙaramar hukuma, wanda zai yi mana amfani a gaban kowane mai tallafi, ba wannan kaɗai ba. An amince.

Litinin, 27 ga Janairu, 2025

Shekaranjiya Asabar, bayan azahar, wuta ta taso daga cikin saura. Ina kasuwa aka kira ni, kafin in isa hayaƙi ya rufe rana, shirwa na ta shawagi a samansa suna cafke fara. A ɓangaren gabas wutar ta zo da ƙara kamar ana yayyaga tabarma, ta iso bakin zirin, harshenta ya rage tsawo, ta tsaya tana cin gefe. Tartsatsi ya tsallaka a wuri biyu, samari suka kashe shi da famfon feshi da ɗanyen ganye. Ko kuɓewa ɗaya ba ta ƙone a fadamun gabas ba, har da ta dattijon nan mai mesa.

Ɓangaren arewa kuwa, wanda muka ce sai wata Asabar, Asabar ɗin ba ta zo ba. Bukukuwan ƙarshen shekara suka shiga, wasu suka tafi gida, ni ma ban matsa ba, kuma wannan laifi ina da kaso a cikinsa. Ta nan wutar ta zagaya ta cinye gonakin rogo uku da bukkar wata mata da ke ajiye buhunan gari a ciki. Alhamdu lillahi ba a rasa rai ba. Da na je wurinta jiya ta ce mini, ta bakin ɗanta da ke fassara, "Malam, rubuta. Ka ce buhu bakwai ne." Na rubuta, na ɗauki hoto, na sa kwanan wata da sa'a. Wannan ne rahoto na farko a littafin gobara na yankinmu.

Talata, 18 ga Fabrairu, 2025

Rajistar ƙungiya ta fito, wasiƙar uwar ƙaramar hukuma ma ta iso hannu, saura asusun banki. Wata gidauniya da muka aika wa taƙaitaccen bayani ta dawo mana da tambayoyi biyu: wa zai ci gaba da share zirin idan tallafi ya ƙare, kuma ina matsayin mata a shugabancin aikin? Tambayoyin sun dace. Kan ta farko, kansila ya gabatar da buƙatar a sa layin rigakafin wutar daji a kasafin majalisa na shekara-shekara, ko da kaɗan ne, ƙungiya kuma ta amince kowane mai gona ya ba da yini biyu na gayya a shekara. Kan ta biyu, an naɗa wakiliyar mata ma'ajin aikin. Mun haɗa da hotunan ranar 25 ga Janairu, na gabas da na arewa a shafi ɗaya.

Litinin, 3 ga Maris, 2025

Azumi ya kama tun ranar Asabar, don haka an mayar da zaman kwamiti zuwa safiya. Wasiƙar jiha tana nan ana jiran amsa, kuma jami'in gona zai bi sawunta a Alausa, inda sakatariyar gwamnatin jiha take, ranar Alhamis. Mambobi sun haɗa wa mai buhunan gari abin da ya sawwaƙa, an kai mata jiya. An yi yayyafi sau ɗaya, toho ya fara fitowa a inda wuta ta ci, wanda ke nufin zirin gabas zai rufe kafin tsakiyar damina. An tsayar da cewa sharar farko ta bana za a yi ta a makon farko na Nuwamba, ko tallafi ya zo ko bai zo ba, kuma da ɓangaren arewa za a fara. Aikin da ke gabana a wannan mako shi ne kammala daftarin tsarin kare yanki da kai shi a fassara zuwa Yarabanci kafin zaman ranar 15 ga wata.